Garuba Ya Hana "Lafiya Lau" a Tashar Hajiya

Duk wanda ya taɓa shiga motar Hajiya Mu'minatu daga Sokode zuwa Dapaong ya san Garuba, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai farar rigar nan da alƙalami uku a aljihu, wanda yake tsayawa bakin ƙofar tasha yana ba da umarnin a yi abin da an riga an gama yi. A takarda shi ne shef na ma'aikata, wato shugabansu. Ma'aikatan kuwa goma sha ɗaya ne, har da shi.

Ranar wata Litinin Hajiya ta kira shi ofis ta rufe ƙofa. Ta ce labari ya iso mata cewa Wahab zai ajiye aiki a ƙarshen wata, wani kamfani a Kara ya yi masa tayi. Wahab shi ne direban da ya shekara tara yana hawa dutsen Defale yana sauka bai taɓa fasa ko madubi ba, rabin fasinjoji saboda shi suke zuwa. Ta ce ta tambayi Wahab da kanta abin da ke damunsa, ya sunkuyar da kai ya ce babu komai.

"Kai ne shef na ma'aikata," in ji Hajiya. "Saura mako uku. In Wahab ya tafi, ka kwashi alƙalumanka ka bi shi."

Ko gezau Garuba bai yi ba. Watan da ya wuce ne aka tura shi Lome taron horo na kwana uku a kan lafiyar zuciyar ma'aikata. Ranar farko ta ƙare masa wajen neman otal ɗin, ta uku ya tafi kasuwa neman firam ɗin da zai sa takardar shaida, amma rana ta biyu ya zauna har aka ci abincin rana. Ya gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, a Lome ma sai da mai koyarwar ta yi shiru tana saurarensa. Mako uku ma sun yi yawa. Hajiya ta ce za ta tafi Sinkase sarin kaya, sai su haɗu a ofishinsu na Dapaong ranar Asabar ta ƙarshen wata.

Washegari ya tara kowa a gindin mangwaron tasha, ya jingina firam ɗin a kan benci inda kowa zai gani. Ya ce ya gano cutar da ke cin kamfanin, kuma ba wata ba ce illa gaisuwa. Ka ce wa mutum ina kwana, ya ce lafiya. Ina gajiya, babu gajiya. Ruwa ya yaye rufin ɗakinsa, haƙori ya hana shi cin tuwo, akuyarsa ta ɓata, ka gaishe shi ya ce lafiya lau. A Lome an tabbatar masa cewa riƙe damuwa a ciki shi ke kashe ma'aikaci a tsaye. Saboda haka daga yau an hana "lafiya lau" a tashar nan. Duk wanda aka gaisar sai ya faɗi ainihin abin da ke damunsa. Wanda ya saɓa, ga tsintsiya, ga filin tasha.

Rachida mai sayar da tikiti ta tambaya, to in fasinja ne ya gaishe ta fa? Garuba ya ce gaskiya ba ta san fasinja ba. Karim makanike ya tambaya ko an hana "Alhamdu lillahi" ita ma. Nan Garuba ya ɗan yi tari, don ya hango abin da limamin Zango zai ce in ya ji. Ya ce an yarda da ita, da sharaɗin a bi ta da "sai dai".

Abin da Garuba bai lissafa ba shi ne, gaisuwar Sokode ba tambaya ɗaya ba ce. Akwai kwana, akwai gajiya, akwai gida, akwai yara, akwai tsofaffi, akwai aiki, akwai sanyin jiya. Da can mutum biyu suna gama wannan duka kafin su saki hannun juna. Yanzu kowace tambaya sai an tsaya an yi tunani. Mutum goma sha ɗaya, kowa sai ya gai da goma. Motar ƙarfe shida ta kai tara saura kwata ba ta motsa ba.

Tana shirin tashi ke nan wani dattijo ɗan kasuwa ya leƙo ta taga ya ce wa Karim sannu da aiki, yaya aikin. Karim ya dubi tsintsiya, ya dubi Garuba, ya ce Alhamdu lillahi, sai dai tayar baya ta hagu tun azumi yake cewa a canza ta, shi in shi ne ba zai hau dutse da ita ba. Dattijon ya ce a miƙo masa jakarsa. Cikin minti biyu fasinjoji goma sha takwas suna tsaye a ƙasa suna kallon taya. Sai da aka canza ta a gabansu suka koma. Garuba ya rubuta a littafinsa cewa ranar farko ma an warkar da taya.

Matsala ta biyu Baba Siddiƙ ce, maigadin tashar, mai shekara saba'in da ɗoriya. Garuba ya gaishe shi, ya ce lafiya lau.

"Baba, an hana."

"Ka ce a faɗi gaskiya. Gaskiyar ke nan. Na ci, na sha, na yi barci."

"Ba mutumin da ba shi da damuwa. Ka duba can ciki."

Baba Siddiƙ ya rufe ido ya duba can ciki. Ya buɗe ya ce har yanzu lafiya lau.

"Gwiwa fa? Baya fa?"

"Shef, so kake in yi wa Allah ƙarya don in faranta maka rai? Miƙo tsintsiyar."

Tun daga ranar kullum sai ya yi shara, yana yi yana waƙa, abin da ya fi ƙona wa Garuba rai.

Sauran ma'aikata ba su da taurin kan Baba. Da suka ga duk wanda ba shi da damuwa shara ce rabonsa, sai kowa ya fara zuwa da tasa daga gida, wanda ba shi da ita ya ƙera a hanya. Rachida, wadda lafiyarta ƙalau kuma ta yi sabon lalle ba ta son taɓa tsintsiya, ta ce gabanta na faɗuwa. Washegari ta ce tana ganin jiri. Rana ta uku dabara ta ƙare mata, ta ce wani lokaci takan ji kamar ana kiran sunanta. Mai ƙosai ta bakin ƙofa tana jin duk wannan, kuma gidanta a unguwar Kpangalam yake, layi ɗaya da gidan su Rachida.

Ranar Juma'a layin tagar tikiti ya kai bakin titi, amma rabinsa 'yan dubiya ne. Wannan ta zo da kunu, waccan da rubutu a gora, wata gwaggo ta zo da turaren hayaƙi ta kunna shi a ƙarƙashin tagar har fasinjoji suna tari. Duk wadda ta ce mata yaya jiki, ba damar ta ce da sauƙi, ga Garuba tsaye da littafi. Da yamma dangin saurayinta suka aiko a tambaya cikin ladabi, shin abin a dangi yake ko ita kaɗai ya kama.

Rachida ta iske Garuba a ofis ta ce masa in auren nan ya lalace, shi zai je ya yi wa uwarta bayani, ya tafi da firam ɗinsa. Garuba ya yi murna ƙwarai. Ya ce ta gani ko, yanzu ga damuwa ta gaskiya ta fito.

Karim kuma ranar Litinin aka tambaye shi yaya gida, ya ce Alhamdu lillahi, sai dai wan matarsa da ya zo kwana uku yau watansa huɗu, kuma shi ke fara sa hannu a kwano. Bai san wan matar yana tsaye bayansa ba, ya zo karɓar makullin babur. Mako guda Karim yana cin shinkafa da wake a bakin tasha safe da rana, don a gida an daina zuba masa.

Wahab fa, wanda aka yi duk wannan dominsa? Kullum yana isowa, kafin wani ya buɗe baki ya gaishe shi, sai ya wuce ya ɗauki tsintsiya ya share rabin filin, Baba Siddiƙ ya share rabi. Sannan ya wanke hannu ya hau mota ya yi tuƙin awa biyar da ɗoriya, ya juyo da wasu fasinjojin. Sau biyu ya leƙa ofis ya ce, "Shef, ina da 'yar magana, mu biyu." Sau biyun Garuba ya ce masa ai "mu biyu" ɗin nan ita ce cutar, ya bari sai gobe a gindin mangwaro ya faɗa a gaban 'yan'uwansa. Wahab ya ce to, ya fita.

Da mako na uku ya kama, wani labari ya iso wa Garuba. An ce an ga Wahab a Kara yana gwada kujerar wata sabuwar mota. Sai Garuba ya yanke cewa ciwon ya yi zurfin da ma'aikata kaɗai ba za su iya ba, sai an haɗa da dangi. Iyalin Wahab a Dapaong suke. Ya buga wa Salamata waya, wadda ke riƙe da ofishin can, ya ce ta kira masa kawun Wahab da surukinsa da limamin unguwarsu, su zo tasha ranar Asabar bayan azahar, Hajiya ma za ta kasance.

Salamata ta tambaya me Wahab ya yi. Garuba ya ce za su ji a gaban jama'a. Ta ce masa ya yi hankali, a nan in maigidan mutum ya aika a kira surukinsa wurin aiki, kowa ya san ba don a ba shi goro ba ne, sai dai in an kama mutum da abin kunya. Garuba ya tambaye ta ko ita ma ta je Lome. Ta ce a'a. Ya ce to.

Ranar Asabar ya zauna a kujerar gaba, gefen Wahab, firam a cinya. Kafin su kai Bafilo ya gaishe shi sau biyu. A Kara ya yi masa bayanin yadda damuwa ke taruwa a ciki kamar ruwa a randa. A kan dutsen Defale, inda ko fasinjoji sukan yi shiru su bar direba da hanyarsa, ya ce masa ya rufe ido ya ja numfashi sau uku. Wata tsohuwa daga baya ta ce in ya rufe idon nan ita za ta rufe na mai farar riga da hannunta. Daga Kante har Mango Garuba ya ba da labarin yadda ya taɓa sasanta wasu direbobi biyu da kallo kawai. Wahab yana kallon titi.

Suka shiga Dapaong ranar kasuwa, tasha ba masaka tsinke. Kwandunan tumatir jere a gefe ana jiran motar kudu, kusa da su akurkin zabi a ɗore kan juna. A gaban ofis kuwa mutum sun kai arba'in a tsaye, ba mai murmushi. Ga liman, ga surukin Wahab da babbar riga, ga matar Wahab, Jamila, da goyo, idanunta sun yi ja. A gaba duka ga Kawu Kassimu riƙe da igiyar wani ƙaton farin rago.

Hajiya ta iso daga Sinkase ke nan, ko mayafi ba ta gyara ba, Kawu Kassimu ya durƙusa a gabanta, surukin ya bi shi. Kawu ya ce su ba su san abin da yaron ya yi ba, ba su kuma zo jayayya ba. Ko mene ne, a rufa musu asiri, a bar 'yan sanda a inda suke. Ga rago, ba yawa.

Hajiya ta juya tana neman mai yi mata bayani. Ta hango Garuba yana jawo kujera zuwa tsakiyar fili.

Ya zaunar da Wahab a kai. Ya ɗaga firam sama ya juya shi gabas da yamma. Ya yi wa jama'a jawabin da ya ɗauki rubu'in awa, wanda daga cikinsa liman ya fahimci cewa ba a yi sata ba, suruki ya fahimci cewa an yi amma an yafe, 'yan tumatir kuma suka fahimci cewa magani ake tallatawa. Sannan ya matso ya sassauta murya yadda ya ga an yi a Lome.

"Wahab. Ga danginka, ga Hajiya. Ina gajiya?"

Wahab ya dubi surukinsa, wanda har yanzu ƙurar durƙuso na gwiwar rigarsa. Ya miƙe tsaye.

"Akwai gajiya, Shef," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Wata takwas ke nan da direba na biyu ya tafi, ban huta ko yini ɗaya ba. 'Yata in na ɗauke ta kuka take yi, ba ta san ni ba. Sau biyu na zo in gaya maka a ɗaki. Mako uku ke nan ka ƙara mini da shara. Yau kuma ka sa surukina ya durƙusa a tasha."

Ya ciro makullin motar ya zura shi a aljihun Garuba, tsakanin alƙaluma, ya je ya tsaya kusa da matarsa.

Sai fasinjojin komawa Sokode, waɗanda sun riga sun ɗaure kayansu a sama, suka fara tambaya wa zai kai su. Garuba ya ji idon Hajiya a ƙeyarsa. Ya ga aikinsa yana tafiya a ƙafa. Sai ya yi dariya ya ce tuƙi har wani abu ne, shi da ya taɓa kai tirela Sinkase da hannu ɗaya yana cin gyaɗa da ɗayan. Bari dai ya juya musu motar ta fuskanci ƙofa, su ga.

Salamata ta ce Shef, bari. Ya riga ya hau.

Motar ta yi tari ta mutu. Ya sake tayarwa, ta yi tsalle ɗaya gaba, jama'a suka watse. Ya kama giya da hannu biyu ya ja, ya leƙo ta taga ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, sannan motar ta tafi da baya. Kwandon tumatir na farko bai yi ƙara ba. Na biyu da na uku ma haka. Akurkin zabi ne suka yi ƙara. Suka kife, ƙofofi suka ɓalle, zabi talatin da ɗaya suka tashi lokaci guda, wasu kan rufin ofis, wasu cikin motar ta taga, ɗaya ta sauka a kan rawanin liman ta tsaya tana duba gari. Motar ba ta tsaya ba sai da ta zauna a cikin rumfar mai shayi, wanda Allah ya taimaka ya tafi kallon taro.

Garuba ya sauko ya sa ƙafa a tumatir ya zauna a ciki. Kafin ya tashi mata sun kewaye shi. Mai zabin tana yi masa da Mobanci, yaren mutanen garin, masu tumatir da Hausa, mai shayi da Faransanci don abin ya fi shiga. Ya ɗaga hannu ya ce yana jin daɗin yadda kowa ke fitar da abin da ke ransa, wata ta kifa masa ragowar kwando a ka.

Hajiya ba ta ko dube shi ba. Ta ba Kawu Kassimu da suruki haƙuri, ta ce yaronsu bai yi komai ba sai aiki. Sannan ta ce wa Wahab ya zo, suka shiga ofishin Salamata su biyu, ta rufe ƙofa.

Minti goma suka yi. Garuba bai taɓa ganin minti goma masu tsawon waɗannan ba. Yana zaune a ƙasa, ruwan tumatir na bin bayan kunnensa, yana tunanin ko kamfanin Kara na bukatar shef na ma'aikata.

Ƙofa ta buɗe. Hajiya ta ce Wahab yana nan. Daga yau yana da kwana biyu a kowane mako a gidansa, za a ɗauki direba na biyu kafin Laraba, yau kuma ba inda za shi, a nema wa fasinjoji wata mota. Ta ce laifinta ne da ta yi wata takwas tana ganin mota na tafiya ba ta tambayi wanda ke cikinta ba. Dokar gindin mangwaro ta mutu, kowa ya koma gaisuwarsa.

Garuba ya miƙe ya cire kwandon. Ya fara cewa ai dama abin da ya tsara ke nan tun farko, mataki-mataki, sai Hajiya ta ɗaga hannu.

"Da saura. Wahab ya kafa sharaɗi ɗaya, na kuma karɓa. Aikinka na nan, Garuba. Amma ba za ka sake gai da shi ba. Ba shi ba, ba sauran ma'aikata ba. In ka ga mutum, ɗaga hannu ka wuce."

"Hajiya, Musulmi ya ga Musulmi..."

Liman, wanda ya samu ya raba zabuwa da rawaninsa, ya ce sallama dai ba mai hana shi. Amma ya tsaya a nan. Abin da ke biyo bayanta ya bar wa masu iyawa.

Sannan Hajiya ta ce wa Garuba ya je ya kamo zabin nan, talatin da ɗaya ne, mai su ba ta son talatin.

La'asar ta yi sanyi kafin Garuba ya sauko daga rufin ofis da ta ƙarshe a hammata. Rigar nan ta koma ja, gashin zabi ya manne mata ko'ina. Ya zagayo bayan ofis ya tarar da Wahab zaune a kan tabarma a inuwa, ya cire takalmi, 'yarsa na zaune nesa kaɗan tana kallonsa, ta fara matsowa da gindi. Garuba ya ji "sannu da hutawa, ina gajiya" ta taso masa tun daga ciki har ta iso haƙora. Ya buɗe baki. Wahab ya ɗaga yatsa ɗaya, bai ko juyo ba.

Garuba ya haɗiye. Ya duba hagu, Salamata ce, ma'aikaciya. Ya duba dama, ba kowa sai ragon Kawu Kassimu, wanda aka sake shi yana cin tumatir ɗin da ya fashe. Shi dai ba ya cikin sharaɗi.

Ya matsa kusa da shi ya ce masa sannu, ina gajiya, yaya hanya. Ya ce masa shi shaida ne, mako uku aka ba shi, a mako uku ya tsayar da direba, amma ka ga mutane, ba wanda zai faɗa. Ya juya masa baya ya sunkuya zai ɗauki firam ɗinsa da ke yashe a ƙasa, yana ci gaba da bayani.

Ragon ya daina tauna. Ya ja da baya taku uku, ya sunkuyar da kai.